Tsakanin Aji da Kantin Kwari

A gidajen 'yan kasuwar Kano na zamanin da muka taso, babu karatun da ake yi wa kallon hadarin kaji kamar karatun kasuwanci a jami'a. Idan yaro ya ce zai karanta likitanci, ko lauya, ko injiniya, sai a sa masa albarka, domin an san waɗannan ba a koyon su a rumfa. Amma ya buɗe baki ya ce zai tafi shekara huɗu ya koyo saye da sayarwa, a gidan da tun kaka da kakanni fatauci ake yi, to ranar ya zama abin nishaɗin zaure. Kuma dattawan suna da hujja. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, bai zauna a ajin kowa ya koyi lissafin riba ba. Da fataucin goro ta hanyar Gwanja ya fara, ya koma gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har ake ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a birnin a 1929, raƙuma 20 ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya. Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Wane farfesa ne zai koya wa jikokin waɗannan mutane ciniki?

Duk da haka muka tafi, ba kuma don mu ƙaryata dattawa ba. Yawancinmu da muka cike fom ɗin JAMB a ƙarshen shekarun 1980 muka zaɓi sashen akanta ko na gudanar da kasuwanci, ba kasuwa muka dosa ba, gudun ta muke yi. Ofis mai fanka muke so, da tebur mai aljihu, da albashin ƙarshen wata. Shi ma karatun a kan haka aka gina shi tun asali. A Arewa tushensa yana Zariya, inda aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947 domin samar wa gwamnati da En'e masu riƙe littattafan ofis da na baitulmali. Ita ce ta zama cibiyar koyon harkokin mulki a 1954, wadda kowa ya sani da Kongo, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ke nan kakan digirin namu akawu ne, ba falke ba. Da gwamnatin Gowon ta fito da dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa a 1972, aka kuma ƙara faɗaɗa ta a 1977, sai ga kujerun manajoji da akantoci birjik babu masu hawa. Yayyenmu da suka gama a waɗannan shekaru tun suna bautar ƙasa ake neman su, mutum ya kama aiki, shekara ba ta zagayo ba an ba shi bashin mota. Labarinsu muka ji muka biyo sahu.

A shekarar farko kowa da kowa ake haɗawa a babban ɗakin lakca: tattalin arziki, lissafin kasuwanci, ƙididdiga, dokar yarjejeniya, Turanci. Amma ƙashin bayan karatun darasi ɗaya ne, wanda ya fi kowanne kayar da mutane su yi kariyoba. Duk kwabon da ya motsa sai an rubuta shi wuri biyu, inda ya fito da inda ya shiga, ɗaya a hagun shafi ɗaya a dama. Wani malamin coci ɗan Italiya, Luca Pacioli, shi ya tsara wannan hanya a littafi a 1494, kuma har yau ba ta sauya ba. A ƙarshe sai ka tattara duka asusun ka haɗa jimillar hagu da ta dama. Idan sun yi daidai ka kwana lafiya, idan ba su yi ba kuwa babu barci.

Ina iya tuna yadda daren irin wannan yake. Doguwar takarda a shimfiɗe kan benci, da rula, da biro ja da shuɗi, da kalkuleta guda da mutum huɗu suke karɓa-karɓa. An ɗauke wuta, an kunna kyandir. Hagu ya fi dama da naira 9, ka bi layi ɗaya bayan ɗaya da bakin rula kana neman inda ta maƙale. Waɗanda suka gabace mu ne suka koya mana dabarar da ba ta cikin manhaja: in bambancin ya rabu da 9 babu saura, to juya lambobi ka yi, ka rubuta 45 a inda 54 ya kamata ya zauna, in kuma ya rabu gida biyu daidai, nemi rabin adadin, wataƙila ka ajiye shi a ɓangaren da ba nasa ba. Idan ka gano, wani irin daɗi kake ji da ba ya misaltuwa ga wanda bai taɓa yi ba. A wannan wahala ne ido yake koyon shakkar lamba, kuma ban ga abin da ya maye gurbinta ba har yau.

Sauran darussan kuwa daga nesa suke zuwa. Littafin akanta na Frank Wood, wanda misalansa duk da fam ɗin Ingila suke, da sunayen kantunan da ba mu taɓa gani ba. Littafin talla na Philip Kotler, cike da kamfanonin Amurka. Ƙa'idoji 14 na Henri Fayol, waɗanda muka haddace kamar karatun allo, da matakan buƙatun ɗan Adam na Maslow, da babu jarrabawar da ba ya leƙowa. Tun da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka karya darajar naira daga kusan kunnen doki da dala zuwa wajen naira 4, littafin waje ya fi ƙarfin ɗalibi. Kwafin da ke laburare sai mai rabo, wani ma yakan ɓoye shi a kantar littattafan falsafa don ya dawo ya same shi gobe. A wannan giɓi ne takardun lakca da ake kira handawut suka yi kasuwa a jami'o'in ƙasar, har ta kai wasu malamai suna rubuta sunan wanda ya saya. Ikon Allah, ana koya mana tattalin arziki a aji, ga tattalin arzikin yana cin mu a waje, amma da wuya lakcara ya haɗa biyun a jimla ɗaya.

Ni a yajin aikin malaman jami'a na 1992 na ga haɗuwarsu. Zaman gida ya yi tsawo, mahaifina ya ce in je in riƙa zama a shagon ƙaninsa a Kantin Kwari. Baffa atamfa da shadda yake sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Duk lissafinsa yana cikin wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da yake sawa a aljihun gaba, sunaye da ajami, kuɗi da lambobin boko. Baƙi sukan zo daga Maraɗi da Damagaram da Garwa da Injamena, su kwashi kaya na maƙudan kuɗi, babu sa hannu, babu rasit, sai dai a ce sai an juyo. Na lura ba kowa yake bai wa ba, kuma ba ya bayarwa da ka. Ya san wanda ya kawo mutum, da maigidan da yake sauka a wajensa, da yadda ya biya bashin bara, da ko ya ƙara aure a bana. Abin da muke karantawa a babin tantance mai neman bashi ke nan, sai dai nasa ya fi na littafi zurfi, don littafi bai san maganar ƙarin aure ba.

A watan Maris na shekarar an sake karya naira, daga wajen 10 zuwa wajen 18 a dala ɗaya, kaya suna ta hawa. Wata rana bayan la'asar muka sayar da dila guda, Baffa ya dube ni yana murmushi.

"Malam Akanta, a littafin naku nawa muka ci a wannan?"

Na cire kuɗin saye da na dako da la'ada daga kuɗin sayarwa, na faɗa masa. A ƙa'idar da aka koya mana amsar daidai take.

"To madalla. Tashi ka je layin baya ka tambayo mini nawa irin ta take yau."

Na dawo da farashin da ya haura duk abin da muka karɓa, uwa da riba.

"Ka gani ko? Kuɗi sun ƙaru, kaya sun ragu. Ni turmi nake ƙirgawa, ɗana, ba naira ba."

Akwai babi a kan wannan a littattafanmu, lissafi a lokacin hauhawar farashi, amma can ƙarshe yake, a shekarar ƙarshe, kuma akan ratsa shi a gurguje kamar abin da ya shafi wata ƙasa daban. A Kwari kuwa shi ne darasin farko, duk wanda bai iya shi ba jarinsa zai narke yana murnar riba. Waɗanda suka ga abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, sun san maganar ba ta tsufa ba.

Abu na biyu da na gani a shagon ya fi wannan ba ni mamaki. Gab da azumi Baffa yakan rufe rabin ƙofa, ya sa yaransa su sauke kaya kaf, a ƙirga turmi-turmi, bandir-bandir. Kowanne a yi masa kuɗi da farashin ranar. A haɗa da tsabar da ke hannu. A buɗe baƙin littafi a bi basussuka, wanda ake sa ran zai dawo a lissafa shi, wanda aka fid da rai a ware shi gefe. A cire abin da ake bin sa. Abin da ya rage a fitar da ɗaya bisa arba'in a matsayin zakka. Duk wanda ya yi shekara ɗaya a sashen akanta zai gane cewa wannan ita ce takardar ƙarshen shekara da muke zubar da gumi a kanta, har da tanadin bashin da ba zai biyu ba. 'Yan kasuwar ƙasar Hausa sun daɗe suna yin ta saboda addini, da hukunce-hukuncenta a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan unguwa. A shekara huɗun da na yi a jami'a ban ji an ambaci wannan a aji ko sau ɗaya ba.

Kada a ɗauka cewa duk hikimar tana wajen kasuwa, domin masu yabon gargajiya sukan zarce a nan. Akwai abin da aka koya mana a makon farko wanda kasuwarmu ta rasa, kuma rashinsa ya kashe dukiyar da ba ta lissaftuwa: shago daban, mai shago daban. A wajen Baffa da tsaransa aljihun tebur ɗaya ne. Daga nan cefane yake fita, da kuɗin makarantar yara, da gudummawar biki, da kujerar Makka, babu mai rubutawa. Muddin Alhaji yana raye kansa yana riƙe da komai, tafiya tana tafiya. Ranar da ya kwanta dama sai a nemi lissafi a rasa. Masu bin sa bashi su zo da shaidu tun kafin sadakar uku, waɗanda yake bi kuwa sai mai tsoron Allah ne zai kawo kansa. A raba gado, jarin da yake juya kwantena ya zama guntaye a hannun 'ya'ya goma sha, kowa ya kama gabansa, bayan shekara biyu ka wuce ka ga wani suna a saman shagon. Na ga haka ya fi a ƙirga. Idan aka tambaye ni abin da ya cancanci shekara huɗu a cikin digirin, wannan ƙa'ida ɗaya zan fara ambata, da duk abin da ke biye da ita: mai shago ya yanka wa kansa albashi, a rubuta abin da aka ɗiba, a san hannun jarin kowa tun ana zaman lafiya.

Lokacin da muka fito, bankuna ne ke tashe. Adadinsu ya haura 100 a farkon shekarun 1990, kowane lungu da sabon suna. Sai dai mu 'yan Arewa akwai abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, wato kuɗin ruwa. A aji mun iya lissafa shi ciki da bai, a gida kuma mun san hukuncinsa. Na san abokan karatu da suka sami takardar ɗaukar aiki a banki suka kai wa malaminsu na zaure kafin su nuna wa iyayensu. Wasu suka karɓa zuciya ba daɗi, wasu suka ajiye suka tafi koyarwa. Waɗanda suka shiga ma ba su daɗe suna murna ba. A Janairun 1998 Babban Banki ya soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. A 2004 kuma Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa, wanda iyayenmu suke gani kamar ba zai taɓa gushewa ba, ya narke cikin Unity Bank.

Ni masana'anta na nufa, ofishin lissafi na wani kamfani a Sharaɗa. Can na ga amfanin darasin ƙididdige kuɗin da ake kashewa kan kowane kaya, can kuma na ga iyakarsa. Kana iya lissafa abin da kowane kwali ya ci daidai da kwabo, amma lissafi ba ya kawo wutar lantarki, ba ya rage kuɗin man janareta, ba ya tare kayan fasa-ƙwauri a kan iyaka. Wata bayan wata ina rubuta faɗuwar kamfanin da kyakkyawan rubutu har aka sa kwaɗo a ƙofa. Haka aka yi ta yi a Sharaɗa da Challawa da Bompai, haka masaƙun Kaduna suka bi ɗaya bayan ɗaya, har babbarsu UNTL ta tsaya a 2007. Ofisoshin da aka tsara digirinmu dominsu suka yi ta raguwa, masu riƙe da kwalin suna ƙaruwa. Da yawa daga cikinmu suka naɗe kwat suka sa a akwati, suka koma rumfar da suka gudo daga gare ta.

Sai dai rumfar da suka tarar ba ita suka bari ba, kuma wannan shi ne sauyin da ya fi kowanne girma a ganina. Wayar salula ta shigo a 2001, farashin Legas da na Kwatano ya zama abin da ake ji cikin minti ɗaya. 'Yan Kwari da 'yan kasuwar Singa suka fara hawa jirgi zuwa Dubai da Gwangzu, ga canji a Wapa, ga takardun fito, ga kwastan, ga lissafin da ya ratsa kuɗin ƙasa uku kafin kaya su sauka. Baƙin littafin aljihu ya fara gazawa. Daga baya na'urar POS ta cika gari. Da aka sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, har mai ƙosai da mai shayi suka koyi jiran alat. Duk cinikin da ya bi ta waya yana barin sawu, da rana da sa'a da suna. Kasuwar da ta shekara ɗaruruwa tana tafiya a kan amana da ƙwaƙwalwa ta wayi gari tana rubuta kanta, ko ta so ko ta ƙi.

Da rubutu ya shigo, sai masu tambayar takarda suka biyo shi. Ofishin jakadanci yana son bayanan asusun banki kafin ya ba da biza. Banki yana son rajistar hukumar kamfanoni ta CAC kafin ya buɗe asusun kamfani. Hukumar haraji tana son lamba, ga harajin VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020. A shekarar ce kuma sabuwar dokar kamfanoni ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai. Alhazan da suke yi mana dariya a zaure, su ko 'ya'yansu, yanzu su ne suke aiko a nemo musu yaron da ya iya kwamfuta ya zo ya daidaita musu lissafi. Ta haka ni ma nake cin abinci yau. Ko gidan da ake kafa mana hujja da shi ya daɗe da sauya ra'ayi: Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ta wajen uwa, karatun kasuwanci ya yi a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, kuma a 2018 aka buɗe ginin makarantar koyon kasuwanci da ya gina wa Jami'ar Bayero.

Maganar kuɗin ruwa ita ma ta sami mafita, ko da ba ta gamsar da kowa ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, wasu suka biyo baya, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum ta nazarin hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Ɗalibin yau yana iya zama a aji a koya masa murabaha da mudaraba da ijara a matsayin darasin jarrabawa, abin da a zamaninmu sai a zauren malam. Akwai masu cewa wasu daga cikin waɗannan tsare-tsare sauya suna ne kawai, farashin yana bin na sauran bankuna sau da ƙafa, kuma maganarsu abin dubawa ce. Amma ko ba komai, yaron da ya gama yau ba ya tsayawa tsakanin kwalinsa da malaminsa kamar yadda namu suka tsaya.

'Yar ƙanwata tana aji uku a sashen akanta yanzu, takan zo da littattafanta idan an yi hutu. Abu na farko da na lura da shi a hotunan ajinsu shi ne yawan mata. A namu ana ƙirga su da yatsun hannu, a nasu sun cika layukan gaba. Ƙa'idojin da muka haddace na cikin gida an ajiye su tun da Najeriya ta koma kan ƙa'idojin duniya na IFRS a 2012, don haka rabin abin da na sani da sunansa na da sai ta gyara mini. Jimillar da muke kwana a kanta, ita a Excel take jan layi ɗaya ta fito. Na taɓa ba ta wani tsohon aiki na ce ta nemo inda kuskure yake ba tare da kwamfuta ba. Ta juya takardar, ta dube ni.

"Kawu, ai manhajar ba za ta ma bari ka shigar da shi a karkace ba."

Gaskiya ta faɗa. Amma manhajar za ta bari ka shigar da ƙarya madaidaiciya, hagu da dama su yi daidai cif, kuma yawancin satar da na gani a littattafan mutane irin wannan ce. Mai gano ta sai wanda idonsa ya saba da tsayawa a kan lamba yana tambayar ta daga ina ta fito.

Bambancin da ya fi burge ni tsakaninmu da ɗaliban yanzu ba a manhaja yake ba. Mu mun shiga jami'a muna jiran a ɗauke mu aiki, su kuwa da yawansu ba sa jiran kowa. Ita wannan yarinya turaren wuta da mayafai take sayarwa ta WhatsApp tun tana aji ɗaya, tana da masu kai mata kaya a babur, ta san wace ƙawa ce ba a ba ta bashi. Wani ɗan ajinsu yana da rumfar POS a bakin ƙofar makaranta, wani yana sarin waya a Farm Centre. Ba sha'awa kaɗai ta kawo haka ba, har da dole: kuɗin rajista ya ninka, yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, bashin karatu na NELFUND kuma sai a 2024 ya fara. Hukumar jami'o'i ta wajabta darasin koyon dogaro da kai ga kowane ɗalibi tun wajen 2007, amma abin da nake ji daga bakin yara a wurare da dama shi ne ana haɗa su rukuni-rukuni su yi sabulun ruwa, a ɗauki hoto, a ba da maki. Yarinyar da take juya jarinta da kanta ba sabulu take buƙata ba. Tana buƙatar wanda zai zauna da ita ya nuna mata cewa kuɗin data da na ɗan acaɓa da kayan da aka dawo mata da su duk daga ribarta suke fita.

A nan ne nake ganin har yanzu jami'o'inmu ba su tsallaka titi ba. Duk shekara dubban ɗalibai suna rubuta kundin kammala digiri, kuma taken kusan ɗaya ne: tasirin kaza a kan kaza, nazari a kan wani banki. A raba takardun tambayoyi, wani lokaci a cike su a ɗakin kwana, a ɗaure da baƙin bango a jibge. Alhali ga kasuwar Dawanau can, inda riɗi da zoɓo da citta suke tashi zuwa ƙasashen waje, hatsi yana tafiya Nijar da Chadi, da tsarin dillalai da masu masauki da ya kamata a ce an cika kantoci da bincike a kansa. Yaya ake yanke la'ada? Wa yake ɗaukar asara idan baƙo ya gudu da kaya? Adashin matan aure nawa yake juyawa a unguwa ɗaya, kuma me ya sa ba ya yawan rushewa alhali babu kotu a bayansa? Yaron shago da ya yi wa maigida hidima shekara da shekaru, a kan wane ma'auni ake sallamar sa, kuma nawa ne daga cikin waɗanda aka sallama suke tsayawa da ƙafafunsu? Waɗannan tambayoyin kasuwanci ne na gaske, masu amsar su suna zaune a kan benci suna jiran wanda zai zo da ladabi ya tambaya. Akwai malaman da suka fara wannan aiki, ina kuma jinjina musu, amma bai zama jinin manhajar ba tukuna. Kwalin ma shi kaɗai ya daina isa: mai son a kira shi cikakken akanta sai ya bi jarrabawar ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta ANAN mai kwaleji a Filato, kowacce da kuɗinta da shekarunta.

Baffa ya rasu shekarun baya. Kafin rasuwarsa, da ciwo ya fara kama shi, ya yarda aka zauna aka kwafe baƙin littafin nan gaba ɗaya, yana faɗa ana rubutawa, har da basussukan da shi kaɗai ya san da su. Saboda haka shagon bai watse ba. 'Ya'yansa maza uku suna ciki, ƙaramin cikinsu digirin gudanar da kasuwanci gare shi, shi ne kuma ya dage sai an mayar da shagon kamfani, don masu ba su kaya a Caina sun fara neman takardu. Babban yayansu ya yarda da rajistar amma bai yarda a yanka masa albashi ba, yana cewa shi ba ma'aikaci ba ne a shagon ubansa. 'Yan'uwansu mata, waɗanda rabonsu na gado yake cikin jarin, sun aiko cewa suna son a rubuta hannun jarin kowacce da sunanta, a kuma riƙa nuna musu lissafi duk shekara idan an fitar da zakka. An sa ranar zama bayan sallar Juma'a mai zuwa a ɗakin mahaifiyarsu, an ce in zo da fom ɗin rajistar.